Inda Ruwan Fagge Yake Kwana

Duk gidan ƙasa da ka gani tsaye a Kano, akwai raminsa a wani wuri kusa. Wani ne ya sa diga ya haƙo jar ƙasa, jakai suka kwaso ta a mangala, aka kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, aka mulmula tubali aka shanya a rana. In gini ya tashi, rami ya zauna. Damina kuma ta zo ta cika shi, sai ya koma kududdufi. Mu da muka yi ƙuruciya a Fagge cikin shekarun 1970 mun tarar da wannan tsari da sauran ransa. Unguwa tana da masallacinta, da dandalinta, da mai unguwarta, tana kuma da kududdufinta, ba wanda yake ganin na ƙarshen nan a matsayin baƙon abu.

Gidan ƙasa ba a gama gina shi. Kowace shekara, bazara na kamawa, kafin shamuwa ta sauka a kan bishiyoyi, kakana zai zagaya katanga da sandarsa yana ƙwanƙwasawa, yana duba inda ruwan bara ya zaizaye. Sai a kira magina, a sayo makuba, a gyara bakin indararo, a yi yaɓe. Ƙasar yaɓen nan daga ramin da aka haƙo ta gina gidan ake ƙaro ta. Ashe ke nan kowane gida a unguwar yana ƙara wa kududdufin zurfi kowace shekara, mangala bayan mangala, tun zamanin kakannin kakanni.

Namu yana bayan gidaje, in ka wuce bola da wata tsohuwar tsamiya. Ba shi da sunan da ya shiga takardar hukuma. In aka ce yaro ya tafi ruwa, kowa ya san inda ya nufa. A watan Agusta, lokacin marka, yakan cika ya batse har ya taɓa gindin katangun da ke kusa, kainuwa ta rufe rabinsa, bado ya buɗe fararen furanninsa da safe. Kwaɗi kuwa in suka fara da magariba, sai liman ya ɗaga murya. Da kaka ruwan zai fara ja da baya yana barin baƙar laka. Kafin hunturu ya wuce ya zama kore shar saboda gansakuka, masu wanki su koma can gefe inda ya fi tsarki. Da bazara sai tsakiyar kawai ta rage, masu haƙar ƙasa su dawo da jakansu, su ci gaba daga inda suka tsaya.

Mu yara muna da ma'auninmu. Akwai iya gwiwa, inda ƙanana suke kama talibambam a gwangwani. Akwai iya ƙugu, inda ake koyon iyo, wa ya riƙe cikin ƙane yana cewa ya buga ƙafa. Akwai iya wuya. Bayan nan sai wurin da ake cewa ya sha kai, sai kuma gurbi. Gurbi shi ne abin tsoro, kuma sai da na girma na gane dalili. Tafkin da Allah ya yi yakan gangara a hankali, ƙafarka na gaya maka abin da ke gaba. Kududdufi kuwa hannun mutum ne ya sassaƙa shi, mai haƙa kuma ba ruwansa da mai iyo. Inda ya sami ƙasa mai danƙo nan yake bi, ya yi ta nutsawa tsaye, ya bar gefen da yashi ya yi yawa. Saboda haka kana tafe ruwa iya ƙirji, taki ɗaya sai ka ji ba ƙasa. A can ƙasan ruwan sanyi ne ƙalau ko da rana tsaka, ga laka mai riƙe ƙafa. Manyan yaran da suka ga wurin a bushe da bazara su ne suka san taswirarsa a ka, su ne kuma sarakunan ruwa. Wanda ya iya kurme ya taɓo ƙasan gurbi, ya fito da laka a hannu a matsayin shaida, ya gama samun girma a unguwa har damina ta gaba.

An hana mu, ba sau ɗaya ba. Ni ɗan fari ne, mahaifiyata ba ta kama sunana, sai dai in ji, "Kai, wannan yaron, zo nan. Miƙo hannunka." Ta sa farce ta karta fatar. In farin layi ya fito, magana ta ƙare, sai a ɗauko tsumagiya. Muka koyi shafa man gyaɗa kafin mu shiga gida, amma jan ido ba ya shafuwa. Kakata ce mai cetona. Takan jawo ni bayanta ta ce, "Ku bar mini maigidana. In kun kashe shi wa zai ba ni kuɗin cefane?" In an watse kuma ta kama kunnena da kanta, ta faɗa mini da ƙaramar murya cewa ruwan nan yana da masu shi, kuma ba shekarar da ba sa karɓar rabonsu.

Labarin 'yan ruwa kowa ya san shi. Wai suna zaune a gurbi, wai sun fi son baƙo da yaro mai kyau, wai tsakar rana da goshin magariba ne lokacin fitarsu. Yau in na auna sai in ga duk abin da iyayenmu mata suka jingina wa aljanu gaskiya ne in ka cire aljanun. Baƙo ne bai san gurbi ba. Tsakar rana ce lokacin da babu babba a bakin ruwa. Kuma rabon ana karɓa. Na tuna wani almajiri da bai daɗe da zuwa daga ƙauye ba, ya je wanke allonsa da rigarsa, santsi ya ɗebe shi. Aka kira masunta, suka shiga a kan gora suna lalube da dogayen sanduna, unguwa gaba ɗaya tana tsaye a gaɓa, ba a same shi ba sai washegari. Malaminsa ya yi masa sutura a zaure. Muka ƙaurace wa ruwan na ɗan lokaci, zafi ya dawo, mu ma muka koma.

Kududdufi ya girme mu nesa ba kusa ba. Ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, ita ma ƙasa ce aka tara, kuma daga gindinta aka haƙo. Ramin da ya rage a bayanta ya zama kariya ta biyu, daga baya ya zama jerin tafkuna. Fagge a wajen ganuwar take, daura da Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai da Ƙofar Mazugal, nan ayarin raƙuma daga Azbin suke yada zango da gishirinsu. Baturen Birtaniya Clapperton, wanda ya shigo Kano a 1824 yana amsa sunan Abdullahi, ya rubuta cewa wata fadama ta kusan raba birnin biyu, ga kuma ramukan ruwa da aka bari wajen haƙar ƙasar gini. Fadamar nan Jakara ce. Barth, Bajamushen da ya zo a 1851 da sunan Abdulkarim, shi ma ya yi ƙorafi a kan ruwan kwancen birnin. Dukansu biyu cuta suka gani, kuma ba ƙarya suka yi ba. Abin da baƙo na 'yan makonni ba zai lura da shi ba shi ne aikin da ramukan suke yi. Ruwan Kano a tattare yake zuwa, mafi yawansa a Yuli da Agusta, wani lokaci na mako guda ya sauka a dare ɗaya. Dole ya sami inda zai kwana kafin ƙasa ta shanye shi. Kududdufi ne masaukinsa. Daga nan yake tsatsafowa a hankali ya shiga rijiyoyin gidaje, shi ya sa gidan da ke kusa da kududdufi ba ya rasa ruwa da bazara.

Ko sunayen unguwanni sun isa shaida a kan yadda garin ya dogara da abin da ke ƙasa: Rijiyar Lemo, Rijiya Biyu, Rijiya Huɗu, Kwarin Gogau, Ƙofar Ruwa. Marinar Ƙofar Mata ma ramuka ne, katsin da ake kwasowa daga cikinsu kuma shi ake haɗawa da gashin jima a yi laso a shafe soron masu hali.

Sabon Gari dabam take. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da ƙasashen gaɓar teku. Da igiyar awo aka tsara ta, layi-layi, fuloti-fuloti, ba a bar wa rami gurbi a tsakiya ba, saboda Bature ba abin da yake tsoro kamar sauro. Duba-gari yakan shiga gida ya leƙa randa, in ya ga tsutsa a ci tara. Amma ruwa bai san takardar awo ba. Jakara tana fitowa daga birni, ta kwaso abin da ta kwaso a Kurmi da mayankar Abbatuwa, ta ratsa ta gefen Fagge da Sabon Gari, ta bi ta wajen titin Zungeru da Nomansland, ta wuce ƙarƙashin gadar titin filin jirgi, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dattin masana'antun Bompai, ta zarce Wasai a ƙasar Minjibir inda aka datse ta. A gaɓarta masu lambu suke noma latas da kabeji da alayyafo, har yau kuma suna yi. Ban taɓa jin mai sayen salak a bakin kasuwa ya tambayi ruwan da aka yi ban-ruwa da shi ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Lokacin ƙuruciyarmu yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, a 1970, Inyamurai suna ta dawowa gidajensu na Sabon Gari. Ina da aboki ɗan Yarabawa a ajinmu, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa zagi. Shi ya nuna mini yadda ake laɓewa a shiga filin ƙwallo bayan an buɗe ƙofa ana dab da tashi, ni kuma na kai shi ruwa. A unguwarsu ba su da wurin iyo, sai lambatu, wanda in aka yi ruwa mai ƙarfi yake cika ya haɗe da titi, har ba ka gane inda kwalta ta ƙare. Su nasu gurbin ke nan, kuma iyayensu suna yi musu kashedi a kansa kamar yadda ake yi mana. Ranar da ya fara kama tarwaɗa da fatsa da tana, ya rungume ta a riga har gida, ƙayarta ta soke shi bai saki ba. Mahaifiyarsa ta dafa ta da barkono mai sa hawaye, ta zuba mini, tana cewa, "Ɗana, ci, kada ka ji kunya." Daga baya ta tambayi inda aka kamo kifin, shi ma ya sha nasa dukan.

Da bazara akwai wani abin da muke jira. In laka ta bushe ta tsattsage, masu haƙar ƙasa sukan ci karo da gaiwa a dunƙule cikin kumburin ƙasa, da ranta, tana jiran damina. Kifi a busasshiyar ƙasa! Malamin allonmu ya ce wannan kaɗai ya ishi mai hankali wa'azi a kan tashin ƙiyama. Mu dai abin da ya dame mu a ba mu mu gasa.

Ba zan yi wa kududdufi kwalliyar da ba tasa ba. Kusan duk yaron da na sani a lokacin ya yi tsargiya. Muna fitsarin jini muna alfahari, saboda manyan yara sun gaya mana alamar zama namiji ce, wanda nasa bai yi ja ba har gori ake yi masa. Sai a makarantar sakandare malamin kimiyya ya zana mana zagayen a allo. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga jikin katantanwa ta hayayyafa, ta fito ta huda fatar mai iyo, ta je ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Wato mu muke shuka ta, mu muke girbe ta, a ruwa guda. Zazzaɓin sauro kuwa ba a ma lissafa shi cikin cuta, ɗan masassarar damina ne. 'Yan ci-rani sukan zo da kurkunu a ƙafa, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya masu kurkunu sama da 650,000 a Najeriya, sai a 2013 aka tabbatar ƙasar ta rabu da ita. Duk wanda ya ce da can komai lafiya lau ne, bai riƙe ƙanensa yana kuka wajen fitsari ba.

Ruwan sha dai ba daga nan muke ɗiba ba. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka jawo ruwan Challawa zuwa tankin Goron Dutse, famfo ya shigo gari. 'Yan ga-ruwa suna kawo shi a garwa biyu rataye a sanda. Rijiyar tsakar gidanmu ruwan zartsi gare ta, ba ya kumfa da sabulu sosai, na wanke-wanke ne da alwala da ban-ruwan dabbobi. Da gaba ake auna zurfinta, wato faɗin hannu biyu a miƙe, kuma kowace matar gida ta san gaba nawa igiyarta take. In igiya ta tsinke sai a aiki yaro aron ƙugiya a maƙwabta, a yi ta lalube har a kamo guga, wani lokaci a kamo na bara da shi. In ruwa ya ja sai a kira mai yasa. Namu wani siririn dattijo ne, ba ya yawan magana. Zai tuɓe ya rage ɗan wando, ya yi bisimilla, ya sauka yana taka ƙananan ramukan da aka sassaƙa a jikin rijiyar, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Muna leƙe har ya zama murya kawai. Abin da yake turowa a guga shi ne tarihin gidan: cokula, kwabbai, ɗan kunne, takalmin da aka doke ni a kan ɓatansa. Yakan ce ba ruwa yake tsoro ba, iskar ƙasa yake tsoro, wadda take kashe fitila ta kashe mutum.

Siminti ne ya fara yanke wa kududdufi abinci. Da kuɗin man fetur suka shigo, ƙarin albashin Udoji ya fashe a 1975, duk wanda ya sami sarari sai ya rushe ƙasa ya sa bulo da kwano. Ba yaɓe, ba mangala, ba jaki. Ramin da ba a haƙarsa kuma ya rasa mai kula da shi. Sai bola ta fara matsowa. A da sharar gida toka ce da ɓawon gyaɗa da kashin awaki, manoma ma saye suke su kai gona. Da leda ta zo, musamman ledar fiya-wata daga shekarun 1990, sai shara ta daina ruɓewa. Kwatocin gidaje aka juyo da su ciki. Ruwan da muka yi iyo a ciki ya koma baƙi, ko agwagwa ba ta son sa. Daga nan hujja ta samu: wuri ya zama ƙazanta, gara a cike. Tifa ta kawo marmara, dillali ya kawo mai saye, aka kafa harsashi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Fagge mutum kusan 200,000, ga Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari duk a maƙale da juna, kowane taku na ƙasa kuɗi ne. Ba na zargin talakan da ya sami ɗan wurin sa haƙarƙarinsa. Ina dai da magana da waɗanda aikinsu ne su ce wannan wuri na ruwa ne, suka sa hannu.

Ramukan ma ba ɓacewa suka yi ba, ƙaura suka yi. Yashin bulo daga kogin Challawa da makamantansa ake ɗebo shi, marmarar ciko daga ƙauyukan gefen gari, inda katafila take barin ramin da ya ninka namu zurfi, a ƙofar gidan mutanen da ba su ci ribar ginin ba. Can ma yara suna iyo. Rijiyar gida ta ƙafe ko ta gurɓace, aka koma burtsatse, kowa yana huda ƙasa a tsakar gidansa, sabon mai haƙa kuma sai ya zarce maƙwabcinsa kafin ya tarar da ruwa. 'Yan ga-ruwa suka ajiye garwa suka kama kura da jarkoki.

A Agustan 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, dubban gidaje suka rushe a jihar, muka ce ruwa ne ya yi yawa, kuma ya yi. Amma tun daga nan ruwan da bai kai rabin wancan ba yana shiga ɗaki. A mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin rufe Jakara da kankare a shimfiɗa titi a kai, wanda ake kira Wuju-Wuju. Wari ya ragu a inda aka rufe, wannan gaskiya ne. Tafkunan bakin ganuwa na titin BUK, daga Ɗan'agundi zuwa Na'isa, da idonmu muka ga ana cike su. A Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, 'yan kasuwa suka ɗora laifi a kan gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa. Mahaifina a Kwari ya yi kasuwancinsa har ya tsufa, ban taɓa jin ya ɗaga kaya saboda ambaliya ba.

Yanzu wani sabon aiki ya same mu, mu masu furfura. In mutum zai sayi gida ko shago a unguwar, mai wayo yakan nemi tsohon ɗan unguwa ya tambaye shi ko da can wurin ruwa ne. Alamun ma a fili suke ga wanda ya sani: bango yana fitar da farin gishiri daga ƙasa, fenti yana ɓarewa iya gwiwa, daɓe yana tsagewa, masai yana cika tun damina ba ta yi nisa ba. Kwanakin baya ɗan wani abokina ya zo har gida, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, wani wuri aka yi mini tayi, Abba ya ce in zo ka duba mini." Muka je. Tsamiyar babu ita, amma lungun da muke bi yana nan, na ƙirga gidaje daga bakin masallaci. Na ce masa, "Ɗana, nan da kake tsaye gurbi ne. A nan aka fito da almajirin nan." Ya yi shiru, ya yi godiya, ya saka mini da goro.

Ya saya. Wurin kusa da Kwari yake, hayar shago biyu a ƙasa za ta mayar masa da kuɗinsa cikin 'yan shekaru. Abin da ya ɗauka daga maganata shi ne ya sa magini ya ɗaga harsashin sosai, sai ka hau matakala kafin ka shiga. Ruwan damina ba ya taɓa shi. Gidan maƙwabcinsa na ƙasa yake gangarawa, shi kuma na ji yana neman bashin da zai ɗaga nasa.